Gyaran Ranar Alhamis

Litinin, 6 ga Oktoba, 3:00 na yamma

Alhaji Ilu ya kira mu ofis yau, ni da Malam Jethro. Shi ne shugaban ƙungiyar manoma da makiyaya da muke wa aiki a nan Gumel, kuma ban taɓa ganin ya bar shayinsa ya huce ba sai yau. Mu biyu ne kaɗai ke riƙe da manhajar ƙungiya, wadda ke tura wa makiyaya saƙon waya na ranar rigakafin shanu. Tambaya ɗaya ya yi mana. Wa ya sa saƙon mutanen Sule Tankarkar ya ce Asabar, alhali likitan dabbobi sai yau Litinin zai je musu?

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ba, kowa ya sani. Shanu sun yini a fili, ba likita ba ruwa, ga gonar wake a gefe ba a cire ba. Shanu suka faɗa gonar, faɗa ya kaure. Cindo, makiyayin nan da ke fara yi mana sannu da zuwa duk sanda muka je, yana kwance a asibiti da ɗinki a ka.

Malam ya buɗe tarihin aikin a gaban Alhaji. Duk gyaran da muka yi wa manhaja sai mun ajiye shi da ɗan bayani, shi muke ce wa kwamit, kuma kowanne yana ɗauke da lokaci da sunan mai kwamfutar da aka yi shi a kanta. Na Malam na makon jiya goma sha huɗu ne, ga bayanansu: "gyara", "gyara", "gyara kuma", "wannan ne na ƙarshe", "gyara". Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, wajen awa biyu, kafin muka samo kwamit ɗin da ya canza ranar. Alhamis, ƙarfe sha biyu da minti arba'in. Bayaninsa "gyara". Sunan Malam ne a kai.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Alhaji, sunana ne."

Alhaji ya ce, "Kwamiti zai zauna ranar Asabar, ashirin da biyar ga wata. Ba zan ɓoye maka ba Malam, mutane so suke a ce ga wanda ya yi, kuma wanda ya yi ba zai ci gaba da aikin nan ba."

Ni na tattara takarduna na bi bayan Malam muka fito.

Talata, 7 ga Oktoba, 7:30 na safe

Kunu ya ƙi wucewa. Adda, yayata da nake zaune a gidanta, ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi. Na ce na sani.

Talata, 5:00 na yamma

Na gano inda matsalar take. Matsalar ita ce ba mu da ƙa'ida. Mutum ya taɓa abin da zai tashi shanu ɗari uku daga ruga, sannan ya rubuta "gyara" ya wuce, ai wannan ganganci ne. Da akwai ƙa'ida da ba a kai ga haka ba. Da akwai ƙa'ida da an tsaya an karanta.

Malam ne ya koya mini kwamfuta a sakandare, lokacin da makarantar ke da guda ɗaya tak ana lulluɓe ta da zani kamar jaririya. Shekararsa ashirin da shida a Gumel, daga Pankshin ya zo, amma in ya fara jero karin magana sai ka rantse a Ƙofar Fada aka yanke masa cibi. Da ƙungiya ta nemi mutum na biyu, shi ya kai sunana. Alhaji ya ce mace za ta iya yawon ƙauye? Malam ya ce, "Ta fi ni, ni dai na riga ta zuwa duniya ne."

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Maganar ƙa'ida nake yi.

Laraba, 8 ga Oktoba, 2:15 na rana

Na gama. Na rubuta wani ɗan shiri da zai tsaya a ƙofa ya duba kowane kwamit kafin ya shiga, na sa masa suna Maigadi. Layin farko dole ya fara da irin aikin, gyara ne ko ƙari ko cirewa, sannan ya faɗi abin da aka yi, kuma kada ya wuce harafi sittin. Ƙasa da shi sai layin Dalili. In an cika, Maigadi ya nuna kore. In ba a cika ba ya nuna ja, kwamit ya koma wa mai shi. Bayan kore ma sai ɗayanmu ya karanta na ɗan'uwansa ya amince.

Na nuna wa Malam. Ya karanta a tsanake, ya ce, "Rabi, kin ɗauko mana ɗan sanda. Aiki ya yi kyau. Sai dai ihu ne bayan hari."

Na ce gara ihun da shiru. Da na ji abin da bakina ya faɗa sai na tashi na ce zan yi alwala.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 10:00 na safe

Ranar kasuwar Maigatari, inda muke zuwa rajistar makiyaya. Ban je ba, na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Sau biyar Maigadi ya koro Malam yau. Na farko ya rubuta "gyara" bisa sabo, ja. Na biyu ya manta Dalili, ja. Na uku ya sa "Dalili: saboda Rabi ta ce", ja, don na sa Maigadi ya ƙi dalilin da bai kai kalma biyar ba. Yana ta dariya shi kaɗai, yana cewa ko a shingen kan iyaka ba a taɓa tsare shi haka ba, can ko ba komai ana gaisawa.

Na ce, "Malam, ba abin dariya ba ne. Mutum yana asibiti."

Ya daina dariyar. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Haka ne, 'yata." Ya juya ya cika layukan daidai, kore ta fito.

Wallahi da ma ya zage ni.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 5:40 na yamma

Na ja Adda muka je duba Cindo. Mun kai masa lemo da madara. An aske masa gefen kai, idonsa ɗaya bai gama buɗewa ba, amma da ya gan ni sai ya yunƙura zai zauna, yana cewa, "A'a, Malamar waya da kanta."

Na tambaye shi me ya sa ba su juya ba da suka ga rana ta take ba likita. Ya ce, "Malama, saƙon nan naku shekara biyu bai taɓa yi mana ƙarya ba. Da mutum ne ya faɗa, da azahar mun kaɗa shanu mun tafi. To saƙo ne, sai muka ce likita na hanya."

Wani ɗan'uwansa da ke zaune a bakin gado, ban san sunansa ba, ya ce, "An ce wannan Malamin ne ya yi. Ai dama baƙo ba ya sanin zafin saniyar wani."

Cindo ya ce, "Kai, bari. Mutumin nan ya ci tuwo a rugarmu."

Shekara ashirin da shida, wai baƙo. Na buɗe baki, Adda ta ce mu tafi kar magariba ta same mu a hanya, ni kuwa na ji daɗin da ta faɗa. Wannan jin daɗin shi ke damuna har yanzu.

Litinin, 13 ga Oktoba, 12:30 na rana

Muna zaune kowa da kwamfutarsa, wutar sola na ta ƙarar ƙarewa, sai Malam ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Rabi, ƙa'idar nan taki saura layi ɗaya."

Na ce wane?

Ya ce, "Hannu. Ki sa a riƙa rubuta hannun da ya buga. Kin san halinmu, in cajin wannan ya ƙare sai ya ja ta wancan ya ci gaba. Sunan da ke fitowa na mai kwamfuta ne, ba na mai hannu ba."

Gaskiya ne, haka muke yi tun farko, ba ma ko tambayar juna. Shawara ce mai kyau. Kowane mai hankali zai kawo ta. Na ce to, na ƙara layin cikin minti goma, yatsuna suna ta kuskuren maɓalli.

Shawara ce kawai.

Talata, 14 ga Oktoba, 6:45 na safe

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun asuba wannan maganar ke yawo a kaina, ban san wa ya gayyato ta ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, 3:20 na yamma

Na gwada Maigadi yau da Malam ya fita. Na canza launin wani maɓalli kawai, sannan na rubuta: "ƙari: an gina rijiya a Gagarawa Tasha. Dalili: raƙuma sun kawo ƙara ofis da kansu. Hannu: Sarkin Aljanu."

Kore.

Na zauna ina kallonta. Sati guda ina taƙama da shi, ashe Maigadin nawa tsayin magana yake aunawa da inda aka sa ta, bai san gaskiya ba bai san ƙarya ba. Wanda ya iya jera layi zai wuce da kayan sata a ka, har a yi masa a sauka lafiya. Na goge gwajin kafin Malam ya dawo.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 1:00 na rana

Yau ma ban je ba. Malam ya tafi shi kaɗai da teburin rajista.

Wancan Alhamis ɗin, biyu ga wata, tare muka je. Mun kafa tebur a inuwar rumfa kusa da kara muna karɓar lambobin makiyaya, har da mutanen ƙetare masu cewa a rubuta musu "nimero". Rana kamar ta sauko ƙasa. Kwamfutata ta mutu tun sha ɗaya. Malam ya ce zai leƙa wajen raƙuma, 'yarsa da ke karatu a Jos ta matsa sai ya turo mata hoto. Ya bar tasa a buɗe. Sai wayar Alhaji ta shigo, ya ce likita ya sauya, a mayar da Gagarawa Tasha Asabar, a yi maza kafin saƙon Juma'a ya fita. Mutane takwas a layi, wani tsoho yana ta buga sanda a ƙafar tebur.

Adda na kirana in tsince shinkafa.

Asabar, 18 ga Oktoba, 11:30 na safe

Na haɗu da Mama Justina, matar Malam, a bakin kasuwa. Na hango ta na so in sauya hanya, amma ta riga ta gan ni. Kwalaye ne a hannunta, irin na taliya, guda huɗu an ninke an ɗaure da igiya.

Ta ce, "'Yata, kwana biyu kin guje mu. Ko tsoron kunun gyaɗata kike?"

Na ce aiki ne, Mama. Na tambaye ta kwalayen fa.

Ta ce, "Babanki ya ce mu fara shiri a hankali. In aka sallame shi da wannan sunan, ya ce ba zai iya bin titin Gumel ana nuna shi da baki ba. Mata biyu sun karɓe ɗinkinsu daga shagona ba a gama ba. Ni ba aikin nake ji ba, Rabi. Kabarin ɗana na fari a garin nan yake."

Ta gyara igiyar a hannunta, ta ce, "Ke kike zama da shi kullum. In sun tambaye ki, ki faɗa musu ba halinsa ba ne. Mutumin da ke karanta takardar magani sau uku kafin ya sha."

Na ce in sha Allahu. Na ce in sha Allahu har sau biyu, na taya ta ɗora kwalayen a kan babur.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Saura kwana shida.

Litinin, 20 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Alhaji Ilu ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ya ji labarin Maigadi, ya yaba ƙwarai, ya ce irin wannan tsantseni ake nema. Abu biyu yake so kafin Asabar. Na farko, duk kwamit ɗin da aka amince da shi bayaninsa ya riƙa faɗawa kai tsaye cikin zauren kwamiti na waya, kowa ya gani. Na biyu, in za a canza ranar wani gari, manhaja ta fito da sunan garin da manyan haruffa ta tambaya ko an tabbata.

Sannan ya rage murya ya ce, "Bayan Asabar ke za ki riƙe aikin. Allah ya sa ki fi wanda ya koya miki kula."

Na ce amin. Ni Rabi, da bakina, na ce amin.

Na farkon na gama shi kafin la'asar. Na biyun layi goma ne bai fi ba, na kasa farawa.

Laraba, 22 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Malam ya yini yana rubuta bayanan miƙa aiki. Inda makullan sirri suke, yadda ake tada manhaja in ta faɗi, wane ardo ne ba ya karanta saƙo sai an kira shi. Kwamit tara ya turo, Maigadi bai koro ko ɗaya ba. Kowanne da Dalilinsa a fili kamar wasiƙa, kowanne a ƙarshe "Hannu: Jethro". Ɗaya ya ce, "Dalili: don wanda zai zo bayana kada ya sha wahalar da na sha."

Ni ce mai amincewa. Na danna sau tara.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofa yana neman makullin babur a aljihu, ya ce, "Kin ga, tsoho ma yana koyo." Na ce a gaida Mama.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 10:30 na safe

Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar suna kusa da juna a jerin, ɗaya a saman ɗaya. Na ja kwamfutar Malam, na canza layin da ke ƙasa maimakon na sama, ban sake karantawa ba. Na rubuta "gyara" don na ga haka ake rubutawa a kwamfutar nan, na tura, na ce wa tsohon mai sanda ya matso. Da Malam ya dawo ban ma tuna in gaya masa ba. Ranar Asabar da labari ya iso na tuna.

Ga shi na rubuta. Littafi dai ba ya zama a kwamiti.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 11:00 na safe

Na yi aikin da Alhaji ya ce, manhaja yanzu tana tambaya ko an tabbata. Saura bayanin kwamit.

Na farko na rubuta: "ƙari: tambayar tabbatarwa kafin canza rana. Dalili: don kauce wa irin kuskuren da aka samu a baya. Hannu: Rabi." Kore ta fito nan take. Aka samu. Wai aka samu, kamar kuɗin tsintuwa. Na janye shi kafin Malam ya gani.

Na biyu na saki hannu. Na fara da zafin rana, da cajin da ya ƙare, da wayar Alhaji, da tsoho mai sanda, da yadda garuruwan ke kusa da juna a jerin, da yadda kowa zai iya yin irinsa. Sunana sai can ƙasa ya fito, a ɓoye cikin uzuri. Na tura ina kuka.

Ja. "An ƙi. Layin farko ya wuce harafi sittin."

Na yi dariya har da majina. Abin da na gina da hannuna ya hana ni kewaye-kewaye. Na yanke zafin rana, ja. Na yanke tsoho da sandarsa, ja. Na yanke wayar Alhaji. Abin da ya rage ke nan:

"gyara: ni na canza ranar Sule Tankarkar, ba Jethro ba
Dalili: ranar 2 ga wata na yi aiki a kwamfutarsa ba ya nan, na taɓa layin da ba shi ba, na yi shiru sati uku.
Hannu: Rabi"

Kore.

Yanzu saura amincewar mutum na biyu, kuma mutum na biyun ya tafi kai Mama shago.

Juma'a, 3:10 na yamma

Bai danna ba. Na duba ya fi sau talatin. Na yi sallah na dawo na duba.

Juma'a, 5:30 na yamma

Ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Rabi, kin san in na danna, wayar Alhaji da ta mutum goma sha ɗaya zai faɗa?"

Na ce, "Ni na haɗa shi, Malam."

Ya ce, "Aikin da aka yi miki alkawari fa?"

Na ce ya danna, don Allah, kafin in sake zama wadda na zama sati ukun nan.

Sai ya ce, "To." Minti ɗaya bayan nan zauren kwamiti ya yi ƙara a wayata. Na kifa ta a kan tabarma.

Asabar, 25 ga Oktoba, 8:20 na safe

Da sassafe saƙon Malam ya shigo, hoto ne. Shi ne tsaye yana dariya, raƙumi ya miƙo wuya yana shinshinar hularsa. A ƙasan hoton waya ta buga lokaci da kanta, biyu ga Oktoba, sha biyu da minti talatin da takwas. Daga wajen raƙuma zuwa teburinmu tafiyar minti goma sha biyar ce, in ma ba cunkoso. Gyaran kuwa sha biyu da minti arba'in aka yi shi.

Sati uku hoton nan yana aljihunsa. Yana aljihunsa ranar da ya ce wa Alhaji sunana ne, yana aljihunsa ranar da na yi masa tsawa a kan dariya.

Na kira shi. Na ce, "Malam, da ban rubuta ba fa?"

Ya ce, "Da Justina ta gama ɗaure kwalayenta."

Na fara ba shi haƙuri. Ya ce in daina ɓata katin wayata, taro ƙarfe tara ne, kuma shi da Mama za su biyo ta ƙofar gidanmu mu tafi tare, don ba zai bari in shiga ɗakin nan ni kaɗai ba.

Kowa a zaure ya karanta, ba wanda ya amsa, har Alhaji. Ban san abin da za su yanke ba, kuma tsoro nake ji. Daga can asibiti zan wuce, Cindo bai da waya mai karanta irin wannan saƙon, shi da baki zan gaya masa.

Adda ta leƙo ta ce ga babur ya tsaya a waje. Ta ce in sha kunun nan ko kurɓa biyu ne, na shanye kofin duka.